Wace Ƙwaya Aka Ba Ƙanena?

Tambaya ɗaya tak nake yawo da ita kusan shekara biyu, kuma ba wata mai wuya ba ce. Ƙwayar da aka riƙa ba ƙanena a gwajin maganin nan, ta gaske ce ko ta bogi? Amsar ba ta fi kalma ɗaya ba. Tana can zaune a kwamfutar wani kamfani, kusa da wata lamba, amma ka rantse da Allah sirrin gwamnati na je nema.

Ciwon ƙoda gadonmu ne. Wasu gona ake bar musu, mu abin da mahaifinmu ya bar mana ke nan. Ni ya tsallake ni, ya faɗa kan ƙanena, mai gyaran firji, bawan Allah da ko hannu ka sa masa a baki ba zai ciza ba. Shekara bakwai da suka wuce likitansa ya ce ana gwajin wani sabon magani da ke rage wa ƙoda saurin lalacewa. Tsarin shi ne a raba mutane gida biyu, wasu a ba su maganin, wasu a ba su ƙwaya mai kama da shi sak amma ba komai a cikinta. Daga mai sha har likitan ba wanda zai san wadda aka ba wa. Ƙanena ya shiga da murnarsa. Wata biyar yana sha. A na shida hantarsa ta tsaya, hantar da ba ta taɓa yi masa ciwo ba tun da aka haife shi. Cikinsa ya kumbura, ya daina gane mutane, kwana tara muka fito da gawarsa daga asibitin.

Ya bar mini 'yarsa. Tilo muke ce mata, don ita kaɗai Allah ya ba shi, uwarta kuma ta riga shi tafiya. A hannuna ta girma, yanzu tana shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai. Bara waccan ta fara kukan ciwon baya, aka yi hoto, sai ga gadon ya iso kanta.

Likitan ƙoda yaro ne, a haife na haife shi, amma yana da ladabi. Ya ce akwai magani mai kyau da ya shigo kasuwa, ya rubuta sunan a takarda ya miƙo mini. Ina gani na gane sunan.

Na ce, "Likita, wannan ba shi ne na gwajin nan ba?"

"Shi ne, Mama."

"Shi ne ya kashe ubanta?"

Ya ajiye bironsa. Ya ce rahoton da kamfanin ya wallafa ya nuna ba wanda maganin ya kashe. Amma ya ce zai gaya mini gaskiya tsakaninsa da Allah. In har ubanta maganin gaske ya sha hantarsa ta tsaya, ba zai ba Tilo ba, don jininsu ɗaya. In kuwa ta bogi ya sha, to ajali ne kawai, ba dalilin hana ta. Ya ce ƙodarta ba ta gaggawa tukuna, muna da kamar shekara ɗaya da wani abu. In je in nemo wace ƙwaya aka ba shi.

Na ce in dai takarda ce, an zo gidana. Shekara ashirin da shida na yi ina buga takardu a ofishin lauya, ba irin wasiƙar da ba ta bi ta ƙarƙashin yatsuna ba. Na ɗauka aikin sati biyu ne.

Na fara da asibitin. Ɗakin da ake gwajin a da, inda na sha raka ƙanena, na tarar an mayar da shi ma'ajiyar karyayyun gadaje. Mai kula da fayil-fayil, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, ya ce duk kwalayen gwajin an kwashe su an aika wa kamfanin tun shekarar da aka gama. Likitan da ya jagoranci gwajin fa? Ya bar ƙasar. Na samo adireshinsa na imel, na aika sau huɗu, shiru kamar an shuka dusa. Na rubuta wa kamfanin. Bayan wata biyu suka amso a kan takarda mai kauri mai santsi. Suna yi mini ta'aziyya ƙwarai da gaske, amma ba sa hulɗa da iyalan mahalarta kai tsaye, in tuntuɓi likitan da ya jagoranci gwajin. Na sake rubutawa na ce likitan ya ɓace. Suka sake yi mini ta'aziyya ƙwarai da gaske, suka ce in tuntuɓi asibitin. Kai, jama'a! Ni da na tsufa ina buga wa mutane irin wannan wasiƙa ta yawo da hankali, yau ni ake aika wa ita.

Dattijon mai fayil ne ya tausaya mini zuwana na biyar. Ya ce akwai wata malamar jami'a da ita ma take zarya kan waɗannan kwalaye, in je in same ta, ko ba komai mu yi kukan tare.

Ofishinta na hawa na uku, ɗan tsukuku, da fanka mai ƙara da tarin takardu har kan kujerar baƙi. Likita ce, amma ba ta duba marasa lafiya, aikinta bin ƙididdigar gwaje-gwajen magani tana duba ko abin da aka faɗa haka yake. Ba kamfanin take yi wa aiki ba, ba kuma asibitin ba. Magana take yi a hankali kamar tana tsoron kada kalmomin su zube, shi ya sa na sa mata suna Sannu-Sannu. Ta sani, ba ta damu ba.

Ta buɗe rahoton kamfanin ta nuna mini da yatsa. "Kin ga nan, Gwaggo? Mutum ɗari shida da goma sha biyu suka shiga gwajin. Amma sakamakon da aka wallafa na mutum ɗari biyar da arba'in ne."

"Saba'in da biyun fa? Ƙasa ta haɗiye su?"

"An rubuta cewa sun fita kafin a kammala."

Na ce, "Ai ƙanena ma ya fita. Mu muka ɗauko shi."

Ta cire tabarau ta goge. Ta ce abin da take nema ke nan, asalin bayanan da ba a wallafa ba, na kowane mutum layi-layi. Kamfanin yana da kwamiti da ke duba buƙatun masu bincike na waje, kuma ta riga ta miƙa tata. Amma ta ja mini kunne. Za a goge sunaye, kuma za ta sa hannu cewa ba za ta nemi gano kowa ba.

"To amfanin me za ki yi mini?" in ji ni. Ban iya ɓoye fushi ba, haka Allah ya yi ni.

"Zan ƙirga waɗanda hantarsu ta lalace, in rubuta ɓangaren da suke, na maganin ko na bogin. In mutum ɗaya ne ya mutu da ciwon hanta a wata na shida, na kuma rubuta ɓangarensa, ai ke ma kin iya karatu."

Ranar na koma gida har da waƙa a bakina, Tilo tana ta yi mini dariya wai gwaggonta ta yi saurayi.

Daga nan aka shiga gafara sa ba mu ga ƙaho ba. Kwamitin ya dawo mata da buƙatar sau uku. Na farko wai ba ta bayyana tsarin lissafinta dalla-dalla ba. Na biyu wai sai ta haɗa da wani masanin ƙididdiga na daban. Na uku, bayan ta cika duk wannan, wai an sauya fom, ta sake cikewa daga farko. Ni na buga mata na ukun da hannuna, don ban yarda da kowa ba. Wata goma sha huɗu muna haka. A tsakanin nan, duk wata uku sai a ɗebi jinin Tilo, duk zuwa kuma lambar ƙodar ta ɗan sauka. Ƙafafunta suka fara kumburi da yamma. Ta daina sa takalminta mai rufi da take ƙauna, ta koma silifa, ta ce mini wai yayi ne. Ni kuwa na yi kamar na yarda.

Da izinin ya fito, sai ga sharuɗɗa kamar za a shiga gidan yari. Kwana goma kacal aka ba ta. Ɗaki ɗaya a laburaren jami'ar, kwamfuta ɗaya da ke haɗe da ta kamfanin. Ba waya, ba biro, ba takarda, ba a kwafar komai. Ni ko ƙofar ba a yarda in taka ba. Na zauna a kan benci a barandar tun ƙarfe takwas na safe, jakata a cinya, ɗalibai suna wucewa suna gaishe ni, sun ɗauka mai shara ce ke hutawa.

Wajen sha biyu ta fito. Tun daga tafiyarta na san ba alheri. Ta zauna kusa da ni.

Na ce, "Don Allah yau dai ki yi magana da sauri."

"Ba ya ciki, Gwaggo."

"Kamar yaya ba ya ciki?"

"Mutum ɗari huɗu da talatin da ɗaya suka buɗe mini. Ba wanda ya mutu da ciwon hanta a cikinsu, ko ɗaya. Sauran ɗari da tamanin da ɗaya an cire su."

Na miƙe tsaye. Na ce ɓarayi, azzalumai, sun ɓoye gawar ƙanena! Har mai gadin laburaren ya leƙo. Ta riƙo hannuna ta zaunar da ni. Ta ce sun rubuta dalilinsu a shafin farko. A takardar amincewa da kowane mahalarci ya sa wa hannu akwai tambaya, ko ya yarda a nuna bayanansa ga masu bincike na waje nan gaba. Duk wanda ya ce a'a, ba su da ikon nuna nasa.

"Kina da kwafin tasa takardar?"

Ina da shi mana. Ni da ko rasit ɗin wutar lantarki ban taɓa yarwa ba. Fayil ɗin na cikin jakata, kullum da shi nake yawo. Na ciro, muka bi shafi-shafi. A na goma sha ɗaya, can ƙasa, ga 'yan akwatuna biyu, E da A'a. An yi maki a kan A'a da koren biro.

Ƙanena bai taɓa riƙe koren biro ba. Irin na ofishinmu ne, lauyan da na yi wa aiki shi kaɗai yake saye.

Wallahi na manta da ranar sam, sai a kan bencin nan ta dawo mini ɗanya shakaf. Ya zo ofishinmu da tsakar rana, hannunsa duk baƙin mai, ya riƙo takardar da gefen yatsu don kada ta ɓaci. Ya ce, "Yaya, duba mini wannan kafin in mayar musu." Na karanta tsaf, na zo shafin nan. A aikinmu akwai ƙa'idar da muke koya wa duk wanda ya shigo: abin da takarda ta ce ba dole ba ne, kada ka bayar. Mun ga mutanen da suka rasa gida saboda layi ɗaya da suka amince da shi don kunya.

Ya ce, "Nas ɗin ta ce don masu bincike na gaba ne, wai yana taimakon wasu."

Na ce, "Su wa? Ka san su? Haka kawai ka buɗe wa duniya cikinka, gobe a ji ciwon gidanmu a bakin kowa, 'yarka ta rasa mijin aure? Kai dai ba ka da wayo, shi ya sa masu firji suke cinye maka guminka."

Ya yi dariya ya ce to Yaya. Na ja biro na yi makin da kaina, shi kuma ya sa hannu a gefe. Har na ji daɗi a raina, na ce yau ma na tsare yaron nan.

Sannu-Sannu ba ta tambaye ni komai ba. Ta kalle ni, ta kalli launin biron, ta rufe fayil ɗin a hankali ta mayar mini cikin jaka. Na so ta zage ni, da na ji sauƙi.

Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma ko an yi dubu ba a fita. Na dai yi tsallen. Na rubuta wa kamfanin cewa ni ce yayarsa, ni na yi makin, na janye. Suka ce mahalarci ne kaɗai ke da ikon sauya amincewarsa. Na ce mahalarcin yana kabari. Suka yi mini ta'aziyya. Na sake buga wata da sunan Tilo a matsayin magajiyarsa, na ce mata takardar neman bayani ce, ta sa hannu ba ta karanta ba. Suka ce wannan sai lauyoyinsu sun duba, kwamitin kuma sau biyu yake zama a shekara, in ma an amince sai mai binciken ta shigar da sabuwar buƙata daga farko. Sannu-Sannu ta roƙe su ko adadi kawai su ba ta, mutum nawa ne hantarsu ta lalace cikin waɗanda aka cire, ba suna, ba layi. Suka ce wannan ba ya cikin abin da aka amince mata.

Kwana gomanta suka ƙare, aka rufe kwamfutar. Na je ofishinta na tarar tana rubuta rahoto.

Na ce, "Me za ki rubuta?"

"Abin da na gani. Cewa a cikin waɗanda aka nuna mini ba wanda hanta ta kashe. Zan kuma rubuta da babbar murya cewa akwai ɗari da tamanin da ɗaya da ban gani ba."

"Su kuma kamfanin wane layi za su ɗauka su nuna wa likitoci?"

Ta sani, ni ma na sani. Za su ce mai bincike mai zaman kanta ta duba ba ta ga komai ba. Na zauna a kan tarin takardunta na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da ƙanena ya rasu. Ita ma idonta ya kawo ruwa. Shekara biyu na rayuwarta ta zuba a wannan aiki.

Sati uku bayan haka likitan ƙoda ya duba sakamakon jinin Tilo ya ce lokacin da ya ba mu ya ƙare. In ba a fara maganin yanzu ba, nan da shekara ɗaya ko biyu sai wankin ƙoda, sau uku a sati, har ƙarshen rayuwa ko a samu dashen ƙoda. In an fara, zai riƙa gwada hantarta duk sati biyu. Amma ya ce wani lokaci hanta ba ta jiran ranar gwaji, don haka mu riƙa duba farin idonta kowace safiya. In ya fara komawa ruwan ɗorawa, ko kaɗan ne, mu taho a guje.

Na ce, "Likita, in 'yarka ce fa?"

Ya ce, "Mama, in 'yata ce, da na so in san abin da uban Tilo ya sha tukuna. Ban sani ba, wallahi. Ba zan yi miki ƙarya ba."

A hanyar gida, cikin motar haya, na kasa gaya wa Tilo zancen makin. Sai da muka shiga ɗaki ta cire silifanta ta ɗora ƙafafun a kan matashi, sannan na ciro fayil ɗin na buɗe mata shafi na goma sha ɗaya. Na gaya mata komai, har maganar mijin aure ban rage ba. Na ce ga wadda ta rufe ƙofar, ba kamfani kaɗai ba ne.

Ta daɗe tana kallon makin. Ta sa yatsa ta shafa sa hannun ubanta. Na zauna ina jiran ta ɗaga murya, ai jinina ne a jikinta, ta iya.

Ta ce, "Gwaggo, ai kare shi kika yi niyya."

Na ce ta yi mini shiru. Ban san me ya sa na daka mata tsawa ba. Can ta ce ta gaji da jiran wasiƙa, tana so ta gama karatunta ta shiga aji ta koyar ko na shekara ɗaya ne, ba ta son ta ƙare a kan gadon wanki. Ta ce gobe za ta fara sha, kuma kada in ce komai, don ba shawarata take nema ba. Ban ce ba. Bakin da ya saba yanke wa kowa hukunci a gidan nan, ranar ko buɗuwa bai yi ba.

Ƙwayar 'yar mitsitsiya ce, fara. Tana sha ƙarfe bakwai kafin ta fita. Kafin ta sha sai ta zo bakin taga, ta ɗaga kai, ni kuma in sa babban yatsa in ja fatar idonta ƙasa in leƙa. Kwanakin farko tana tsokanata, wai na zama likitan ido ba takardar shaida. Yanzu ta daina.

Yau kwana arba'in da bakwai da farawa. Da safen nan na ja fatar idon, na duba, na sake dubawa. Na ce ta matso cikin hasken sosai. Na goge tabarauna da bakin zane, na mayar. Labulen tagar nan ruwan ƙasa ne, wani lokaci yana rina haske, sai na yaye shi gaba ɗaya. Ƙwayar tana tafin hannunta, kofin ruwa a ɗaya hannun, gwajin jininta kuma sai nan da kwana tara.

Ta ce, "Gwaggo, zan makara. Fari ne?"

Na ce, "Fari ne."

Ta haɗiye, ta ɗauki jakarta ta fita. Wallahi ban sani ba ko fari ne.